Manaja Ya Ajiye Kamfani a Kan Layi

Ɗan ƙanwata marigayiya, wanda duk layinmu ke kira Manaja, bai taɓa riƙe ofis ba, ko maɓallin ofis bai taɓa riƙewa ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan a shekarar da ya tashi buɗe gidan kaji. Kajin sun mutu kafin fentin allon ya bushe, sunan ne kawai ya rayu. Bayan kaji aka yi sabulu, bayan sabulu aka yi makarantar koyon tuƙi wadda ba ta da mota. Duk wannan hidima daga ɗakin ƙofar gida na yayansa yake yin ta, yana cin abin da matar yayan ta dafa, yana kuma sanar da ita inda gishiri ya gaza.

Ni ina ɗakin baya tun da matata ta rasu, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, in ban da ɗan abin da ya shigo mini ta taga.

Yayan nasa direban motar kai kaya ne, mutum mai haƙuri irin na wanda ya gaji da magana. Matarsa tela ce, kowa Anti yake ce mata. Kekunan ɗinkinta suna falo, masu kawo ɗinki suna gwada kaya a bayan labule tsakanin firiji da talabijin. Ta daɗe da sa wa ɗakin Manaja ido, domin yana da ƙofa a kan titi, da babbar taga, da soket ɗin da ya fi kowanne lafiya a gidan. Ranar da Yaya ya taka allura da tafin ƙafa a tsakiyar falonsa, ya zauna ya zare ta a hankali, ya ɗingisa har ƙofar ƙaninsa. Ya ce masa kafin wata ya ƙare, ko dai ya sami aiki, aiki na gaske wanda wani ne zai riƙa biyansa ba shi ne mai kamfanin ba, ko kuma ɗakin ya zama shagon Anti.

Manaja ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan, kasuwa yake ɗan nazari.

A shagon Mai Aski da ke jikin gidanmu ya ga tallar a waya. Wani kamfani ne mai sayar da kayan lantarki na gida yake neman masu amsa kiran kwastomomi. Mutum zai cike bayaninsa a waya, in an ga ya dace a kira shi a yi masa intabiyu ta wayar nan dai, don a ji muryarsa a kuma ga yadda yake da jama'a. Mai Aski ya ce ai wannan aikin masu sanyin rai ne, waɗanda za a zaga su ce sun gode. Manaja ya yi masa dariyar tausayi.

"Kai aski ka sani. Ka taɓa kiran irin wannan layi aka biya maka buƙata?"

Mai Aski ya yi tunani, ya ce gaskiya bai taɓa ba.

"To ka gani. Kana tsammanin kuskure ne? Kamfani guda, da bene da janareta, a ce kullum kuskure suke yi? Aikin ke nan. Ba don su amsa ake biyan su ba. Don su ajiye mutum a kan layi ake biyan su, cikin ladabi, har ya huce ko katinsa ya ƙare. Ni kuwa da wannan baiwa aka haife ni."

Nan kam babu wanda ya yi masa musu. Wani da ake gyara wa gemu ya ce shi ma shaida ne, har yau yana jiran sabulun da aka ce masa yana hanya.

A gurbin da aka tambayi ƙwarewa, Manaja ya rubuta cewa shi ne shugaban cibiyar amsa kira ta wani rukunin kamfanoni na iyali, mai rassa a fannin ɗinki da sufuri da gyaran kai. Da saƙo ya zo cewa an karɓi bayaninsa, za a kira shi a mako mai zuwa, sai lamirinsa ya ɗan motsa, ya ga ya kamata cibiyar ta wanzu kafin lokacin.

Washegari na fito na tarar da teburin guga a bakin ƙofarsa, an lulluɓe shi da zanin gado, an tokare gurguwar ƙafarsa da jek ɗin motar Yaya. Manaja yana zaune a baya da kwat da nektayi. Daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wando ne da silifa, ya ce kwastoma ba ya ganin ƙasa. A kansa akwai abin jin waƙa mai rufe kunnuwa wanda ɓarinsa ɗaya ya mutu, ya lanƙwasa ƙarfen rataye riga ya soka masa soson wanke-wanke a baki, ya zama makirufo.

Bai sha wahalar neman kwastomomi ba. Wuta a layinmu tana zuwa ne yadda ta ga dama, kuma a soket ɗinsa mai baki da yawa mutanen gida da maƙwabta ke barin wayoyinsu caji. Ga su nan jere a gabansa. Duk wadda ta yi ƙara, tasa ce.

Kiɗa kaɗai ya rage. Ya ce cibiyar da ba ta da kiɗa zaman banza ce. Ina wanka ya shiga ɗakina ya ɗauko akwatin 'yan kunnen matata, wani ɗan akwatin katako da ake murɗa masa maɓalli a ƙasa, in an ɗaga murfi ya saki siririn kiɗa mai sanyi. Na gaya masa ba a murɗa shi har ƙarshe, ƙarfen cikinsa ya tsufa, ni kaina sai na yi kewa nake buɗe shi. Ya ce, "Kawu, an rubuta ƙorafinka." Babu biro a teburin.

Wayar Anti ce ta fara ƙara. Wata malamar makaranta ce da za ta yi tafiya da rana, tana so ta ji ko an gama rigarta. Manaja ya matse hanci ya sanar da ita cewa ta sami rukunin kamfanoninmu, kiranta yana da muhimmanci a gare mu, don ɗinki ta danna ɗaya, don ƙorafi ta danna biyu. Ban san abin da ta danna ba, shi ma bai sani ba, kuma sanin ba shi da amfani, domin kowace hanya akwatin matata take kaiwa. Ya ɗaga murfi ya kara wayar. In kiɗan ya fara jan ƙafa sai ya murɗa, ya leƙa ya ce mata dukan ma'aikata suna kan wani layin, ya mayar da ita. Anti kuwa tana falo, bango ɗaya ne tsakaninsu, rigar tana rataye a goge tun jiya.

Ana cikin haka tasi ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta fito da jakar tafiya a hannu, waya a kunne, tana bin kiɗan da yanzu take ji ta kunne biyu, har ta tsaya a gaban teburin guga. Ta dubi akwatin. Ta dubi soson da ke bakinsa.

"Kai ne dukan ma'aikatan?"

Manaja ya ɗaga mata yatsa alamar ta dakata, ya ce cikin wayar, "Ki ƙara haƙuri, ke ce ta gaba."

Anti ta fito da almakashi a hannu. Ta ba matar rigarta, ta raka ta da ban haƙuri har bakin tasi, ta dawo. Ba ta zage shi ba. Ta zaro tef daga wuyanta ta auna faɗin tagarsa da tsawonta, ta rubuta a tafin hannu. Ya tambaye ta me take yi. Ta ce labule za ta ɗinka wa shagonta, ya ci gaba da aikinsa, kada ta katse wa babban mutum hidima. Ya ce ta dai lura, kwastoma ta zo da ƙafarta, ta karɓi kaya, ta tafi, a kamfani nasara ake kiran wannan. Anti ta ce a gidansu akwai sunan da ake kiransa, amma Kawu yana zaune.

Mai Aski da kansa ya kawo wayarsa, domin an naɗa shi shugaban sashen gyaran kai kuma abin ya ɗan shige shi. Duk wanda ya kira don ya ji ko akwai layi a shago, sai a gaya masa ana duba lamarinsa. Kafin yamma Mai Aski yana zaune shi kaɗai yana korar ƙuda, yana kallon tsofaffin kwastomominsa suna fitowa daga shagon tsallaken titi da sabon aski, suna gaishe shi da kiɗan akwatin nan da baki. Ya zo ya karɓe wayarsa. Muƙamin dai bai ajiye ba.

Ta Gwaggo ce ba ta ba da dariya sosai ba. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, ɗanta guda yana aiki a jirgin ruwa, ba ya samun kira sai jirgi ya tsaya a gaɓa, jirgin nan kuwa ba mai son gaɓa ba ne. Ta bar wayarta caji ta koma gida shanya. A lokacin ɗan ya kira. Ya sha kiɗa daga wata ƙasa mai nisa har katinsa ya ƙare, jirgi ya tashi. Da Gwaggo ta zo karɓar waya, Manaja ya yi mata albishir cewa cibiyarsa ta fara samun kira daga ƙasashen waje.

Ta tambaye shi me ɗan nata ya ce. Ya ce bai kai ga sashen da ake faɗin magana ba.

Gwaggo ta sunkuya a hankali, saboda bayanta, ta cire takalmi. Ranar na ga mutum da kwat da nektayi da gajeren wando yana zagaye teburin guga, igiyar abin kunne tana jan wuyansa, yana tunatar da tsohuwa cewa za ta iya shigar da ƙorafi a rubuce.

Na ɗauka wannan zai ishe shi. Sai ga ranar da tayar motar Yaya ta fashe a bayan gari, ana ruwa, ya buɗe bayan mota ya nemi jek ya rasa. Ya kira matarsa a aiko masa da shi, wayarta a mace, domin ta rantse ba za ta sake kai ta soket ɗin nan ba. Dole ya kira ƙaninsa. Na ji komai, saboda Manaja yana buɗe murya kowa ya ji, wai don tabbatar da inganci.

Manaja ya ce kafin a ci gaba, saboda tsaro, sai mai kira ya tabbatar da ko shi wane ne. Ya faɗi sunan mahaifiyarsa.

"Uwarmu ɗaya da kai," in ji Yaya. Ana jin ruwa yana dukan rufin mota.

"Haka kowa ke cewa, yallaɓai."

Yaya ya faɗi sunan. Manaja ya rufe soson da tafin hannu, ya juyo ya tambaye ni ko daidai ne. Na ce ƙanwata ce, daidai ne, kuma Allah ya rufa mata asiri da ba ta ji an kira sunanta a wannan teburi ba. Ya koma ya sanar da Yaya cewa an tabbatar da shi, ya taya shi murna, sannan ya ɗaga murfin akwati.

Yaya ya iso gida a bayan motar wani, a jiƙe har cikin aljihu. Kai tsaye ya je ya zare jek ɗinsa, cibiyar ta karkata, wayoyin jama'a suka zube. Sannan ya ce ya fasa jiran ƙarshen wata. Ranar intabiyu ita ce ranar hukunci: in an ɗauke shi ya zauna a ɗakinsa, in ba a ɗauke shi ba, kafin rana ta faɗi keke ya shiga. Manaja ya ce ya amince, har ma yana gayyatar kowa ya zo ya ga yadda ake ɗaukar manya aiki, kuma zai so a tanadi kujeru.

Na ja shi gefe na ce masa, in matar ko mutumin kamfanin ya tambaye shi abu, ya amsa abin da aka tambaye shi, ya bar akwati a rufe. Ya dafa kafaɗata ya ce a zamanina waya igiya gare ta.

Ranar ta zo da safiya mai haske. An fito da bencinan shagon aski an jera a ƙofar gida, an jona wayar Manaja da sifikar da Mai Aski ke sa waƙa da ita, an tokare teburin guga da bulo. Jama'a sun cika, waɗanda aka taɓa ajiyewa a kan layi su suka kama gaba. Gwaggo ta zo da takalmi mai taurin ƙasa. Anti ta zauna da labule a ninke a cinya, an riga an yi masa baki. Yaya ya fasa fita aiki, ya jingina da motarsa ya harɗe hannu.

Waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, a natse, irin muryar da ba a taɓa jin ta ɗaga ba. Ta gaishe shi, ta ce daga sashen ɗaukar ma'aikata take, ta sanar da shi cewa ana naɗar wannan kira, ko ya amince. Manaja ya ce ba amincewa kaɗai ba, a naɗa da kyau, don ba kullum ake samun irin wannan murya ba.

Ta tambaye shi ƙwarewarsa. Ya lissafa rassan kamfanoninmu, ya ce a 'yan kwanakin nan ma har daga teku ake kiransu. Gwaggo ta gyara zama. Ta tambaye shi me ya sa yake son aikin. Ya ce shi ba aiki yake nema ba, so yake ya ba kamfaninsu dama ya kamo shi. Ta ce tana jin hayaniya a bayansa. Ya ce ma'aikatansa ne, suna son ganin ubangidansu a bakin aiki. Mai Aski ya gyara wuyan riga.

"To, Malam, yanzu za mu yi gwaji," in ji ta. "Ni kwastoma ce. Na sayi firiji a wurinku, yau ya daina sanyi. Maganin mahaifiyata yana ciki, in ya yi zafi ya lalace. Raina a ɓace yake. Ka taimake ni."

Manaja ya dubi jama'a ya kashe ido ɗaya. Ya matse hanci.

Ya yi mata barka da kira, ya ce kiranta yana da muhimmanci, don firiji ta danna ɗaya, don mahaifiya ta danna biyu. Matar ta ce ta danna ɗaya. Ya ce madalla. Ya ɗauki akwatin matata ya ɗaga shi sama don na baya su gani, ya shiga murɗawa yana murmushi ga 'yan kallo. Ya wuce inda ake tsayawa. Na buɗe baki, ban kai ga magana ba sai aka ji ƙas. Ya ɗaga murfi, babu abin da ya fito.

Zan ba shi haƙƙinsa, bai rikice ba. Ya ajiye akwatin, ya kai baki ga waya, ya shiga yin kiɗan da kansa: ting, ting-ting, ting. Jama'ar da suka haddace shi a kan layi suka karɓa. Sai ga layinmu gaba ɗaya, da masu shago da masu wucewa, suna yi wa baƙuwar mata kiɗan da matata ke sa 'yan kunne da shi.

Matar ta jira fiye da yadda ni zan iya. Can ta ce, "Malam, maganin yana ɗumi."

Ya ce zai haɗa ta da sashen firiji, ya miƙa wa Mai Aski waya. Mai Aski ya miƙe tsaye don girmamawa. Ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, ya ce shi gaskiya aski yake yi, amma yana yi wa mahaifiyar tata fatan sauƙi, in kuma akwai maza a gidan, shagonsa a buɗe yake, ba a kira, zuwa ake yi. Manaja ya fizge wayar ya ce yana ɓata tsari, ba a sakin jiki da kwastoma haka. Ya sanar da matar cewa tun da har yanzu ranta a ɓace yake, zai tura ta sashen ƙorafi.

Ni ya nufa da wayar. Na sa hannuwana a aljihu. Gwaggo ce ta miƙo nata.

"Ƙorafi ka ce? Kawo."

Ta karɓa ta riƙe da hannu biyu, ta ce wa matar, 'yata, ki ajiye maganar firiji tukuna. Ta ba ta labarin jirgin ruwa tun daga ranar da ɗan ya tafi, da yadda take kwana da waya a ƙarƙashin filo, da yadda wannan mai soso a baki ya shayar da shi kiɗa har jirgi ya tashi. Matar, da yake aikin ya shiga jikinta, ta ce ta fahimci ɓacin ranta, Mama, tana ba da haƙuri ƙwarai. Gwaggo ta ce wannan 'yar mutunci ce, ta miƙa wa Anti. Anti ta ba da labarin malamar makaranta da tasi, aka ba ta haƙuri. Mai gemun nan ya karɓa ya shigar da maganar sabulu, aka ba shi haƙuri. Waya tana tafiya a kan benci daga hannu zuwa hannu, igiyar sifika tana biye da ita, Manaja yana biye da igiya, yana cewa a bi layi, a bi layi. Haka kamfanin nan ya yi ta ba unguwarmu haƙuri a kan laifin mutumin da bai ɗauka aiki ba.

Daga ƙarshe ta isa hannun Yaya. Ya dube ta, ya kai baki.

"Madam, ni yayansa ne. Sai da na faɗi sunan uwata."

Manaja ya yi tsalle ya ƙwace, ya ce da sauri an gode da kiran rukunin kamfanoninmu, ya danna jan maɓalli. Layi ya yanke. Ya juyo yana haki, nektayi ya koma bayan wuya, ya yi wa jama'a bayani cewa haka ƙwararru ke rufewa, ba a taɓa barin kwastoma ya kai ƙarshen magana, kuma yanzu can ofis suna tsaye suna tafi.

Waya ta sake ƙara. Ya bar ta tana yi, ya ce kada su ɗauka a matse yake. Yaya ya sauke hannunsa daga ƙirji. Manaja ya ɗauka.

Muryar tana nan yadda take, ko kaɗan ba ta ɗaga ba. Ta ce magana biyu gare ta. Ta farko, kamfani ba zai ɗauke shi ba. Ta biyu, tana neman izininsa a riƙa kunna wannan kira ga duk sababbin ma'aikata a ranarsu ta farko.

Manaja ya dubi Yaya, ya dubi Anti, fuskarsa ta washe.

"A matsayin malami ke nan."

"A matsayin misali, Malam."

"Na abin da ake so a yi."

"Na abin da in ma'aikaci ya yi, a ranar zai ajiye abin kunnensa ya tafi gida."

Sifikar Mai Aski tana da ƙarfi, har shagon tsallaken titi an ji. Manaja ya yi gyaran murya ya ce ya ba da izini, ba ya rowar ilimi. Ya tambaya ko tun da muryarsa ta shiga, akwai wani babban gurbi da gangar jikinsa za ta biyo ta. Matar ta ce a gaida Mama mai ɗa a jirgin ruwa. Shi kuma ta ce masa, "Za mu kira ka."

Babu wanda ke wurin da bai san ma'anar wannan ba. Daga bencin baya wani ya fara ting, ting-ting, sauran suka karɓa.

Anti ta miƙe ta kakkaɓe labulenta. Labulen ya zauna a tagar daidai, ba ragi ba ƙari. Yaya da shugaban sashen gyaran kai suka ɗauko kekuna daga falo, Gwaggo tana nuna musu inda za su ajiye, ta kuma jona wayarta a soket da hannunta ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Kayan Manaja ba su da yawa: katifa, jaka, allon gidan kaji, da kwalin sabulun da bai taɓa yin kumfa ba. Yaya ya tsaya a tsakar gida da katifa a ka yana waige-waige. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai sauran fili a ƙasa.

Ya ce, "Kawu, na ɗan lokaci ne."

Yanzu duk wanda ya shiga shagon aski zai ji cewa Manaja yana koyarwa a wani babban kamfani, babu ma'aikacin da ke taɓa waya sai ya bi ta ƙarƙashin muryarsa, kuma saboda girmansa ba sa ma wahalar da shi ya je. Jirgin ɗan Gwaggo bai kai gaɓa ba tukuna. Akwatin matata yana kan kantar ɗakina, na mayar da 'yan kunnen ciki, in na ɗaga murfi sai ƙamshin katako.

Jiya da rana na tarar da Manaja kwance a katifa, ya ɗora ƙafa a kan littattafaina, wayarsa a ƙirji yana jiran kiran da aka ce za a yi masa. Na tambaye shi, cikin natsuwa, yaushe zai bar mini ɗakina, kuma wa zai gyara akwatin. Ya matse hanci bai ko buɗe ido ba.

"Kawu, lamarinka yana da muhimmanci a gare mu."

Sannan ya fara kiɗan. Ban danna komai ba. Ina kan layi har yanzu.